Jakar da Inna Tafireta Ta Manta Ta Cika

Saura ƙiris ban yi wannan rubutu ba. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Iyakar karatuna firamare, kuma ni mutum ce da ko sallama zan yi a gidan mutane sai na maimaita ta a zuci kafin in buɗe baki. Na ce a raina, cikin waɗanda suka ratsa ta shagon Inna Tafireta akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, akwai masu digiri, su ya kamata su yi wannan aiki. Na jira su. Kowa ya ji sai ya ce, "Ai kuwa ya kamata," amma babu wanda ya zauna.

Lokaci kuma bai jira mu ba. Mai ginin da shagonta yake ciki zai rushe layin gaba ɗaya ya ɗora bene. Cibiyar koya wa mata sana'a da ke bayan kasuwa tana neman wadda za ta koyar da buga takardu da adana su, kuma Inna tana son aikin nan har cikin ranta. Sai dai sun ce a kawo rubutacciyar shaida daga mutanen da aka yi wa aiki. Matar da ta cika wa unguwa guda jakunkunan shaida, tata jakar ba ta da ko ɗaya. Wannan ne ya zaunar da ni.

Shagonta ɗan tsukuku ne, tsakanin mai walda da kantin magani, yana kallon ƙofar makarantar sakandare. Tun kafin a haife ni yake nan. Takan iso kafin a buga ƙararrawar makaranta, ta share ƙofa, ta yayyafa ruwa, ta yaye zanen da take rufe injin kwafi da shi, ta ɗan bubbuga gefensa ta ce, "Tashi, tsoho, ba a biyan mai barci." A bango akwai farin ƙyalle da aka kafe da ƙusa, nan ake tsayawa ɗaukar hoton fasfo. Akwai benci mai ƙafa ɗaya gajeriya da aka tokare da katako. A saman kanta tsohuwar tafiretar da ta ba ta suna take zaune. Tuni kwamfuta ta karɓe aikin, amma ranar da aka ɗauke wuta sai ta sauko da ita, ka ji ƙarar tana tashi har bakin titi kamar ruwan sama a kan kwano.

Idan ka shiga, ba za ta tambaye ka me za a buga ba. Sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Me ka yi tun rabuwarmu?" Baƙo yakan ɗauka gaisuwa ce. Mu mun san ba gaisuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa zama a bencin nan tana da shafinsa guda a kwamfuta: inda ya yi karatu, abin da ya iya, wurin da ya yi aiki, wanda zai iya tsaya masa. In ka ce ka gama koyon ɗinki, ko an naɗa ka shugaban aji, ko ka taya wani tsare kanti a lokacin hutu, nan take za ta ƙara layi. Sannan ta kore ka. "Je ka karɓo shaida wurin wanda ya gani, yau ɗin nan, tun bai manta fuskarka ba. A sa hannu, a sa kwanan wata." In ka ce ai ba ka neman kome yanzu, sai ta ce, "Shi ya sa. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Tana da dokar da ta kira murhu. Kowace takarda sai ta zauna a kan duwatsu uku: ta asali a ajiye a gidan da ba naka ba in da hali, kwafi a jakar da kake yawo da ita, hoto kuma a waya da wurinta. "Ka taɓa ganin tukunya ta zauna a kan dutse ɗaya?" Ba ta yarda a liƙe takardar asali a roba, ko nawa za ka ba ta, don ta ce wata rana za a so buga hatimi a bayanta. Kuma ba ta yarda ka miƙa wa kowane ofis ta asali ka tafi ka bar ta. "A nuna, a dawo da ita. Takarda ba amarya ba ce da za a kai ta a baro."

Ba kowa ke son wannan ba. Mai walda, maƙwabcinta, shekara da shekaru yana kiranta hukumar bincike. Da na je wurinsa neman shaida, ya ture tabaran waldarsa sama ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kar in gyara masa.

"Matar nan ta takura mini kamar na ci bashinta. Kullum, ina takardar gwajin sana'arka, ina shaidar ubangidanka na farko. Don dai in huta na kawo ta yi abin da za ta yi, ta kuma tilasta ni na kai na asalin gidan yayata. Damina ta zo, silin ɗakina ya zubo a kan akwatina, duk abin da ke ciki ya zama kunu. Ba a jima ba masu aikin gada suka zo neman 'yan walda, suka ce a kawo takardu kafin a tashi aiki. Abokaina sun fi ni hannu, wallahi, amma suna can suna tonon ƙarƙashin gado neman takardu. Ni kuwa taku biyu na yi na shiga shagonta na karɓi kwafi. Da kuɗin gadar nan na sayi injin da kike gani. Ki rubuta cewa na janye hukumar bincike. A'a, bar shi, har yanzu ita ce."

Ƙanwata, autarmu, ita ma shaida ce. Tun tana aji ɗaya a sakandare Inna ta buɗe mata shafi. Da ta zo ta biyu a gasar lissafi, a makon Inna ta tura ta wurin shugaban makaranta. Da ta fara koya wa yaran layinmu karatu da yamma, Inna ta sa iyayen yaran suka rubuta. Auta tana ta ƙunƙuni wai ana mayar da ita marowaciyar takarda. Daga baya shugaban makarantar ya yi ritaya ya koma garinsu, babu mai lambarsa. Da aka buɗe neman tallafin karatu, aka kuma ba da 'yan kwanaki kaɗan, ƙawayenta suka yi ta zarya a ofisoshi. Auta da hantsi ta gama. Da wannan shafin ta nemi tallafin, da shi ta nemi gurbi a kwaleji, da shi ta samu aikin hutu, kan takardar kawai ake canzawa a ƙara abin da ya ƙaru. Inna takan ce, "Ba a haƙa sabuwar rijiya duk sanda aka ji ƙishi. Yasa ake yi."

Ni kuwa 'yar rakiya ce. Ni ke raka Auta, in zauna a ƙarshen benci in yi shiru, har Inna ta sa mini suna Shiru-shiru. An cire ni daga makaranta ne lokacin da kakarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, Umma tana fita aiki, babu mai zama da ita. Wata rana Inna ta gama da Auta, sai ta juyo kaina.

"Ke fa, Shiru-shiru? Ina taki jakar?"

Na sunkuyar da kai. "Inna, ni ai ba ni da abin sawa."

"Ba ki da abin sawa. To wa ke juya kakarki a gado? Aljanu?"

"Wannan ai aikin gida ne."

"Aikin gida? Sistar da ke zuwa duba ta a bencin nan ta zauna ta ce ba ta taɓa ganin tsohuwar da ta daɗe a kwance haka, bayanta babu gyambo ko ɗaya ba. Kunnena ya ji. Amma kunnena ba hatimi ba ne. Gobe in ta zo ki ce ta rubuta."

Na ce ba zan iya ba. Sai ta gyara zama, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ɗauki waya ta kara a kunne, ta ɗaure fuska.

"Ni ce Sista. Ina sauri. Roƙe ni."

"Sista, dama, ko da hali..."

"Babu hali. Na tafi. Sake."

Na sake, ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta jin harshen sauro. Mai walda ya leƙo ya ce, "Inna, ki ji tsoron Allah, za ki sa yarinya kuka."

"Kai koma kan tartsatsinka. Ke kuma ɗago ki dube ni. Ba sadaka kike nema ba, abinki ne yake hannunta."

Ba ta bar ni na tashi ba sai da na iya faɗa a tsaye, ido cikin ido: "Sista, ina so ki rubuta mini shaidar aikin da kika ga na yi, ki sa hannu da kwanan wata." Washegari na faɗa wa Sista ta gaske. Ta yi dariya ta ce, "Me ya hana ki tambaya tun tuni?" Ta rubuta har bayan takarda: yadda nake ba da magani a kan lokaci, yadda nake ɗaga tsohuwa ba tare da na ji mata ciwo ba, har da yadda nake lallashinta ta ci abinci.

Bayan haka aka yi wa Sista canjin wurin aiki zuwa nesa. Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Na zauna a gida ban san inda zan sa kaina ba. Inna ce ta aiko Auta ta kira ni, ta nuna mini sanarwa: wani asibiti zai horar da mataimakan jinya, ana karɓar mai takardar firamare in yana da shaidar ya taɓa kula da mara lafiya. Wadda na kula da ita tana ƙasa, wadda ta gani ta yi nisa, amma takardar tana nan a kan duwatsunta uku. Yau a asibitin nan nake aiki, ina sa farar riga, ana kirana da safe a ce in zo ga mara lafiya yana nemana.

Kwanakin baya na biyo ta shagon bayan na tashi aiki, na tarar tana ɗaure kaya a kwali. Sanarwar cibiyar tana kan tebur, an ninke ta an sake ninkewa har ta fara yagewa. Na tambaye ta ko ta kai takardunta. Ta jawo wata shuɗiyar jaka ta buɗe mini. Takarda ɗaya ce a ciki, ta makarantar koyon tafireta, da hotonta tana budurwa.

"Shaidar waɗanda aka yi wa aiki suke so," in ji ta. "Wa zai ba ni? Ni ce ubangidan kaina, ni ce yaron kaina."

"Inna, unguwar nan gaba ɗaya."

"In bi 'ya'yan cikina gida-gida ina cewa ku yabe ni? Allah Ya kiyaye. Zan koma gidan ɗana in yi gadin talabijin."

Daga bayan bango mai walda ya ɗaga murya: "Wanzami ba ya son jarfa!"

Ta yi dariya ta ce zai gamu da ita. Amma na lura tana ta goge tafiretar da gefen mayafinta, wuri ɗaya, alhali babu ƙura a kai. Na san ba gadin talabijin take so ba. Mutumin da ya saba a tashe shi da "Inna, taimaka," zaman ɗaki ciwo ne a gare shi.

Ban gaya mata abin da na ƙudura ba, na dai faki idonta na ɗauke shuɗiyar jakar. Na fara da mai walda, sannan mai kantin magani, sannan malaman makarantar da ke tsallaken titi. Auta ta aiko da tata daga kwaleji, ta kuma nemo mini lambar Sista, ita ma ta aiko. A kowace ƙofa jimlar da Inna ta koya mini nake faɗa, sunanta kawai nake sawa a madadin nawa. Wasu suka ce in dawo gobe. Na ce, "Babu damuwa, zan jira," na nemi wuri na zauna. Ashe shirun nan nawa ma yana da amfani, don babu mai iya daɗewa yana aiki alhali mutum yana zaune yana kallonsa bai ce uffan ba. Wani babban ma'aikaci da ta buga wa takardar neman aikinsa na farko ya karanta abin da mai walda ya faɗa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ba ni biro."

Tawa shaidar ce ta fi ba ni wuya. Ga abin da na iya rubutawa, na ɗora a saman sauran.

Inna, ke ce kika fara gaya mini cewa abin da hannuna ya yi yana da suna, kuma ana iya rubuta shi. Ke ce kike tuna mana da kanmu a lokacin da mu muka manta. Rumbun unguwa, wadda ba a zuwa wurinki a koma hannu wofi. Ba ki taɓa ƙara wa kowa layin da bai yi ba, ko ya roƙe ki, kuma ba ki taɓa bari wani ya rage wa kansa layin da ya yi ba. Ke ce kika zauna a ɗaki mai zafi kina buga sunayen mutane suna wucewa gaba, ke kina nan, kuma ban taɓa jin kin ce kowa ya manta da ke ba. Ba mu manta ba. Kunya ce da shiririta. Na gode, Umma ta gode, Auta ta gode. Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya sa ki ga amfanin abin da kika shuka.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da shago ba. Ku sami jaka ɗaya. Duk aikin kirkin da kuka gama, ku karɓi shaidarsa tun wanda ya gani yana kusa. Ku ɗora kowace takarda a kan duwatsu uku. Ku dubi yarinyar da ke ƙarshen benci ku tambaye ta ina tata jakar. Sannan ku waiwayi wanda ya cika muku taku, ku duba ko tasa babu kome a ciki.

Ana gobe za a rufe karɓar takardu, da la'asar, na ajiye shuɗiyar jakar a gabanta. Ta yi kauri har ba ta rufuwa. Ta buɗe, ta fara karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Har mai walda ya kashe injinsa. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ɗaga wata takarda sama.

"Wannan babu kwanan wata."

"Ta mai kantin magani ce, Inna."

"Mayar masa. Kuma duk waɗannan na asali ne, ina kwafinsu? Haka na koya miki?"

Ta yaye zanen injin da ta riga ta rufe, ta bubbuga shi ta ce, "Tashi, tsoho, yau aikin gida ne." Na ruga kantin magani aka sa kwanan wata, muka yi kwafi, muka ɗauki hoto. Da muka gama ta zauna, ta ɗora hannu a kan jakar ta ce, a hankali, "Ni fa ba zan iya shiga ofishin nan in ce a ɗauke ni ba. Tsofai-tsofai da ni."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na gyara zama a benci, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na kara waya a kunne.

"Ni ce shugabar cibiya. Ina sauri. Roƙe ni."

Mai walda ya fashe da dariya har da dukan ƙofa. Inna ta buɗe baki tana kallona. Can ta ce, "Ranki ya daɗe, dama, ko da hali..."

"Babu hali," na ce. "Sake."

Washegari da safe na yi musayar aiki da abokiyar aikina, na je na ɗauko ta. Ita ta riƙe jakar kwafi, ni na riƙe ta asali. A ƙofar ofishin ta tsaya tana gyara mayafin da ba ya bukatar gyara. Ni na yi sallama, sau ɗaya, da ƙarfi, ban maimaita a zuci ba. Inna ta faɗi jimlarta daidai. Shugabar ta fara karanta takardun a tsaye, sannan ta jawo kujera ta zauna. Da ta kai ƙarshe ta tambaya wa ya haɗa jakar. Inna ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ɗalibata ce."

"To wannan ma shaida ce," in ji shugabar. "Ki fara zuwa farkon wata. Ki taho da tafiretar, 'yan matanmu ba su taɓa ganin irinta ba."

Inna ta miƙe tana godiya, har ta kama hanyar ƙofa. Ni ban motsa ba. Na tattara takardun asali na mayar cikin jaka, na ɗago na dubi shugabar ido cikin ido.

"Ranki ya daɗe," na ce, "a rubuta mana. A sa hannu da kwanan wata."